Allurar awo: Hajiyar maigida ta ce kar na kuskura

Amaryar bara: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, don Allah kar a yi min dariya. Cikina wata biyar, kuma na fari ne. Ranar Talata na je awo suka ce za su yi min allura a dantse, wai ta tetanas. Na ce su dakata sai na tambayi maigida. Da na faɗa masa ya ce shi ba ruwansa, na ji ta bakin Hajiyarsa. Hajiya kuwa ta ce kar na kuskura, ita haihuwarta tara ba a taɓa tsira mata allura ba, kuma wai irinta ce ke sa mace ta yi biyu ko uku ta tsaya. Ni dai lafiyata ƙalau, ko ciwon kai ba na yi. To maganin me allurar take yi?

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Ki je ki yi abarki ƙanwata. Ni duk cikin da na yi sai da aka yi min, ga shi ina goyon na shida. In da tana tsayar da haihuwa ai da maigidana ya huta da sayen rago.

Ummu Aiman: Maman Hanif ba ki da dama wallahi. Amma a bari Sista ta zo ta yi bayani, ita ce a ciki.

Sista mai awo: Wa alaikumus salam amarya. Ba abin dariya a tambayarki, kullum sai an yi mana ita a ɗakin awo.

Rabin amfanin allurar nan na abin da ke cikinki ne. Ƙwayar cutar tetanas, wadda ake kira sarƙe-haƙora, a ƙasa take zaune, da ƙura, da kashin dabbobi. Ba a ɗaukarta daga wani, ta rauni take shiga. Jariri kuwa da rauni yake zuwa duniya, wato cibiyarsa. In aka yanke ta da rezar da ba sabuwa ba, ko aka ɗaure da zaren da aka tsinta, ko aka shafa toka ko man goge baki, ko aka yi gashi da tsumman da ya sha ƙasa, an buɗe mata ƙofa. Shi jariri ba a fara yi masa tasa allurar sai ya kai sati 6. To wa zai tsare shi kafin nan? Garkuwar da jikinki ya haɗa ce take bi ta mabiyiya ta shiga jininsa tun yana ciki. Ke ma tana kare ki, domin haihuwa ba ta rasa rauni.

Guda ɗaya ba ta isa. Ta farko yanzu, ta biyu bayan sati 4, kuma ana so ta biyun ta riga haihuwa da aƙalla sati 2. Ta uku bayan wata 6, ta huɗu bayan shekara, ta biyar bayan wata shekarar. Wadda ta cika biyar ta gama, za ta rufe mata duk shekarunta na haihuwa. Da TT ake ce mata, yanzu Td ce, saboda an haɗa da rigakafin mashaƙo a ciki. Tunda kina wata biyar lokaci bai ƙure ba, amma kar ki bari ya kai takwas.

Hajiya Babba: 'Yata, ni sa'ar uwar mijinki ce, ko ma na girme ta, don haka bari na faɗa miki abin da idona ya gani. Gaskiya ta faɗa, mun haihu ba allura. Amma ki tambaye ta a unguwarsu jarirai nawa aka binne kafin suna. Ƙanwata ta haifi namiji, ƙato, yana tsotso kamar me. Kwana biyar sai ya saki nono. A kai masa baki ya kasa buɗewa, muƙamuƙin ya ɗaure tamau. Washegari in aka bugo ƙofa ko aka ɗaga labule haske ya shigo, sai ya miƙe ya sandare, bayansa ya lanƙwashe, hannuwan a dunƙule. Aka ce iska ce, aka ce mayu ne, aka yi ta hayaƙi da tofi. Ragon suna yana ɗaure a tsakar gida aka fita da yaron. Sai bayan shekaru, da na ga irinsa a asibiti ina jinyar jikata, na ji likita ya kira sunan ciwon. Ni da kaina nake raka surukaina awo yanzu.

Ummu Aiman: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya sa mai ceto ne Hajiya.

Abu Fatima: Allah Ya jiƙansa. Amma ku yi haƙuri mata, ni ina da magana, kuma na san za a taso min. Ɗanka ya kwana da zazzaɓi ka kai shi asibitin gwamnati, kati kuɗi, gwaji kuɗi, farasitamol ma a rubuta maka ka je kemis. Amma maganin ɗigo na shan-inna har ɗaka ake biyo ka da shi, kyauta, a yi ta zarya, in ka ƙi a haɗa ka da mai unguwa. Tun yaushe Bature ya fara son mu haka? Kuma mu mutanen Kano ba labari aka ba mu ba, mun ga abin da Pfizer ta yi wa yaranmu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Maman Hanif: To fa, an zo wurin.

Baban Walid: Malam Abu Fatima, maganar Pfizer gaskiya ce, ba wanda zai share ta. A 1996 ne, lokacin babbar annobar sanƙarau, suka zo asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa na Kano suka yi gwaji a kan yara 200. Kusan rabi aka ba su sabon maganinsu Trovan, sauran aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba. Shari'a ta yi ta ja har 2009 da kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Sai dai Trovan ba rigakafi ba ne. Maganin kashe ƙwayar cuta ne da ake ba wanda ya riga ya kwanta, kuma a lokacin ba a gama tantance shi ba. Allurar da ake ce wa amarya ta yi kuwa an fi shekara 50 ana yi wa mata masu ciki ita a duniya, har da ƙasashen Musulmi.

Kuma mun gwada ƙin ai. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin shan-inna saboda zargin an sa maganin hana haihuwa. Sai a watan Yulin 2004 aka dawo, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Kafin a farga cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a shekarun nan yanzu samari ne, muna ganinsu a kan kekunan guragu a bakin danja. Su kuma 'yan matan da aka ɗiga wa a lokacin, yau su ne ke cika layin awo.

Abu Fatima: Na ji wannan. To amsa min ɗaya. An ce an kawar da shan-inna a 2020, har biki aka yi. Me ya sa har gobe ake buga mana ƙofa?

Sista mai awo: Tambaya ce mai kyau Malam, kuma ba zan ɓoye maka ba. Wadda aka kawar ita ce ƙwayar asali. An ga ta ƙarshe a Borno a 2016, aka ba Afirka shaidar rabuwa da ita a watan Agustan 2020. Shi maganin ɗigo ƙwayar ce aka raunana. Yaron da aka ɗiga wa yana fitar da ita a bayan gida na ɗan lokaci. In yaran unguwa duk sun karɓa, nan take mutuwa, ba ta da wurin zuwa. In kuwa da yawa ba su karɓa ba, ga kwata a buɗe, ga ruwan sha ba tsafta, sai ta yi ta yawo daga wannan zuwa wancan wata da watanni har ta sake yin ƙarfi ta shanye ƙafar wanda ba shi da garkuwa. Ita ake bi yanzu.

Abu Fatima: Kin ga ni ko! Ashe daga maganin take fitowa.

Sista mai awo: Daga shi take fitowa, amma ɗan da ba a yi wa ba take kamawa. Shi ya sa aka ƙara ta allura, wadda ƙwayar cikinta matacciya ce, ana yi a sati 6 da sati 14. Batun farasitamol kuwa ban da abin cewa, gaskiyarka ce. Ni nake rubuta wa uwa magani ina kallonta tana kwance bakin zani tana ƙirga canji. Kuɗin rigakafi daban yake zuwa, akwai ƙungiyoyin duniya irin su Gavi da UNICEF a ciki, shi ya sa yake kyauta. A yi wa gwamnati faɗa ta kawo magani, ni ma ina layin gaba. Amma ban ga ribar a huce a kan jariri ba.

Malam na Islamiyya: Assalamu alaikum. Ta fuskar addini kaɗai zan sa baki, don akwai masu cewa yin magani kafin ciwo rashin tawakkali ne. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kama hanyar Sham sai ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya ce masa gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. An kuma tambayi Shaihu Bin Baz hukuncin rigakafi ya ce babu laifi, ya kafa hujja da hadisin cin dabinon Madina guda bakwai da safe don kariya daga guba da sihiri. Sannan duk wanda ya je Hajji a cikinmu ya miƙa dantse an yi masa ta sanƙarau da ta shawara, ba na jin akwai alhajin da ya fasa kujerarsa saboda allura.

Sai dai ke amarya, kar ki je a ɓoye. Lafiyarki da ta cikin amana ce a wuyan mijinki, cewa "ba ruwana" ba ta sauke masa ita. Ki lallaɓa shi ya raka ki ya ji da kunnensa, shi zai fi iya shawo kan mahaifiyarsa.

Amaryar bara: Na gode Malam, na gode Sista. Zan karanta masa in ya dawo kasuwa. Hajiya Babba, labarinki ya tsaya min a rai.

Abu Fatima: Ta masu ciki na yarda da ita, tunda a asibiti ake yi kuma ka san wanda ya yi maka. Masu yawo gida-gida da kula a kafaɗa ne dai har yanzu raina bai kwanta da su ba. Yarinya ƙarama da ko sakandare ba ta gama ba ta zo ta ce buɗe bakin ɗanka.

Ummu Aiman: Ɗigo biyu ne fa Malam, ba tiyata ba. Kuma yaran nan da ransu suke wasa a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ka manta a 2013 an harbe mata masu rigakafi har lahira a Kano?

Maman Ilham: Ni ku bar batun Turawa, matsalata a gida take. Allurar sati 6 ɗin nan ta cinya, ranar da aka yi wa Ilham kwana muka yi a tsaye. Jiki zafi, cinya ta kumbura, ko taɓa ƙafar aka yi sai ta ƙwalla ƙara. Babanta ya fito tsakar dare ya ce na ɗauki yarinya lafiyayya na kai an sa mata ciwo, kar na sake. Sai da na yi wata biyu ina lallashi. Da na koma kuma wata ma'aikaciya ta ɗaga katin a gaban mata ta ce ku kalli wannan, sai yanzu ta ga dama. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage. Ban sake komawa ba. Yanzu watanta 11, kuma an ce min tunda na tsallake sai dai a faro daga farko, ni kuwa ba zan iya sake wancan daren sau uku ba.

Maman Hanif: Wannan wulaƙancin shi ke korar mata, ba jita-jita ba. Ka bar girki, ka biya kuɗin adaidaita, ka yi layi tun bakwai, sannan a zage ka.

Sista mai awo: Maman Ilham, a madadin abokan aikina ina ba ki haƙuri, ba a koya mana haka ba. Amma wanda ya ce miki ana farowa daga farko bai sani ba. Ba a farowa. Inda aka tsaya nan ake ɗorawa, ko da an yi wata nawa. In ta karɓi biyu, saura ɗaya. Kuma a watanninta ta isa karɓar na wata 9, wato ƙyanda da shawara da sanƙarau, ana iya haɗa mata a rana ɗaya. In ba kya son ganin fuskar waccan, ki je wani asibitin sha-ka-tafi da katinki, duk ɗaya ne.

Ita ta cinyar Penta ce, cuta biyar take karewa: mashaƙo, tarin shiƙa, tetanas, ciwon hanta, da wata ƙwaya mai kawo limoniya da sanƙarau ga ƙananan yara. Ita ce mai sa zazzaɓin, kwana ɗaya zuwa biyu ya wuce. Ki ba ta farasitamol na yara gwargwadon yadda aka auna miki, ki yawaita ba ta nono, ki rage mata kaya. Kar a gasa wurin da ruwan zafi, kar a murza, kar a shafa man zafi. Tsumma mai tsafta da ruwan sanyi ya isa. In zazzaɓi ya wuce kwana biyu, ko ta ƙi nono sam, ko ta yi jijjiga, wannan a dawo asibiti a take. Laifinmu ne da ba ma faɗa wa uwa haka kafin ta tashi, har uba ya gani da dare ya zaci wani abu ne.

Don Allah ki kai ta. Mashaƙon da ya ɓarke tun ƙarshen 2022 Kano ya fi yi wa ɓarna, kuma yawancin yaran da ya kwantar ba su cika Penta uku ba. Na ga yaro ɗan shekara bakwai wuya ya kumbura, wani farin abu ya rufe maƙogwaro, yana jan numfashi ana ji daga bakin ƙofa.

Maman Ilham: Wallahi ban san ana ɗorawa ba. Babanta ne dai aikin.

Baban Walid: Ki ce masa ya zo nan mu yi magana, mu ma mun yi wannan tsayuwar daren.

'Yar Maradi: Sannunku 'yan Najeriya. Mu nan karne muke ce ma katin, kuma uwa ba ta wasa da shi, in kin tafi likita da yaro shi za a fara tambaya. Abin da nake so in sani, ku ma kuna da al'adar ƙin fita da jinjiri kafin suna? Mu nan tsofaffi ba su yarda, sai dai in a likita aka haihu a yi mashi tun can.

Hajiya Babba: Har arba'in ma wasu. Mai jego tana wanka safe da yamma, wa zai bar ta ta fita?

Sista mai awo: Nan ma muna fama. Uku ake yi da an haihu: BCG ta tarin fuka a dantsen hagu, ɗigon shan-inna, da ta ciwon hanta. Ta hantar ce mai gaggawa, an fi so a cikin awa 24, domin uwa na iya ɗauke da cutar ba ta sani ba ta ba ɗan wurin haihuwa, kuma wanda ya ɗauka yana jariri shi ta fi zame wa ta har abada. In ya wuce sati 2 ba a yin wannan ta farkon, sai a jira Penta. Ba sai mai jego ta fita ba. Kaka ko gwaggo ta naɗe shi a zani ta kawo, minti nawa ne. Ta sati 6 kuwa kusan tare take faɗowa da fitar arba'in, sai a haɗa da yawon gaishe-gaishe.

Ummu Aiman: Sista ni kuwa na kai nawa kwana uku da haihuwa aka ce BCG sai Alhamis. Ba ku ce da wuri ba?

Sista mai awo: Kwalba ɗaya ta BCG ta yara 20 ce, kuma da an haɗa ta da ruwanta awa 6 take yi a zubar da saura. Shi ya sa ƙananan asibitoci ke tara yara rana guda. Ta ƙyanda ma haka, ta yara 10 ce. Amma ta hanta da ɗigo ba su da wannan matsalar, ya kamata a ba shi su a ranar, ki dawo Alhamis don BCG kaɗai. In kuma wurin ya yi ɗan ƙurji bayan wasu makonni ya fashe ya bar tabo, haka take yi, kar a matse, kar a sa komai.

Maman Hanif: Ni tambayata ta allurar rigakafin maleriya ce. An ce ta zo, amma ban ga ana yi a wurinmu ba.

Baban Walid: A Disambar 2024 aka fara, da jihohin Kebbi da Bayelsa, sauran jihohi bi da bi. Sau huɗu ce, daga wata 5. Amma ba ta hana sauro cizo, gidan sauro yana nan daram.

Amaryar bara: Sista tambaya ta ƙarshe. Ƙwayoyi ukun nan da suka ba ni na haɗiye a gabansu, su ma rigakafi ne? Kuma ni ba a yi min ta ƙyanda ina yarinya ba, zan iya karɓa yanzu?

Sista mai awo: Ƙwayoyin Fansida ne, na kare ki daga zazzaɓin cizon sauro, ana farawa bayan ciki ya wuce wata uku, a riƙa ba ki da tazarar wata guda. Ta ƙyanda kuwa a'a, ba a yi wa mai ciki, domin ƙwayar cikinta rayayya ce da aka raunana. Sai kin sauka lafiya.

Maman Hanif: Af, Sista, wai da gaske akwai ta ƙyanda ta biyu? Ni duk yarana daga wata 9 nake jefa kati a ƙasan akwati.

Sista mai awo: Akwai, a wata 15. Ta farkon ba kowane yaro take kamawa ba, ta biyun ce ke cike giɓin. Wanda kike goyo watansa nawa?

Maman Hanif: Sha bakwai. Bari na tashi na zazzage akwatin nan.

Sista mai awo: Ko ba ki ga katin ba ki kawo shi, sunansa yana cikin rajista. Litinin da Alhamis muke buɗe ta ƙyanda, ki zo kafin sha biyu.